Idon Nomau a Birnin Kalmaru

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya tsaga teku, ya raba harsunan mutane har ɗan wata ƙasa ya tsaya gaban ɗan wata ƙasa kowa bai san abin da ɗan'uwansa ke faɗi ba. Ni ne Mantau ɗan Tankari, mutumin Zanwa, garin da ke gindin duwatsu bakwai inda rana ke makara kafin ta leƙo. Na yi tafiyar da ta ci mini shekara biyu, ba don neman dukiya ba, ba don neman suna ba. Ku gyara zama ku ji yadda na kai yayana ƙasar da ba ta son ganinmu.

Yayan nawa sunansa Nomau. Shi ya rene ni bayan iyayenmu sun rasu a shekarar zazzaɓi, kuma da allura ya ciyar da ni, domin maɗinki ne, a duk Zanwa babu mai yi wa wuyan riga aiki kamarsa. Yana da shekara arba'in da ɗoriya hakiya ta fara sauko masa. Da fari ya ce hayaƙi yake gani a tsakar gida. Daga baya ya riƙa kiran mutum da sunan wani. Kafin damina biyu ta wuce idanunsa duka sun yi fari kamar an ɗiga nono a ciki. Babu mai maganin da ban kai shi wurinsa ba. An sa masa tozali iri-iri, an yi masa turare, an wanke masa ido da ruwan ganyen da ban san sunansa ba. A ƙarshe ya koma kan tabarma a zaure, ya rage cin abinci, ya daina amsa gaisuwa.

Wata rana wani bafatake mai sayar da gishiri ya sauka a unguwarmu. Da ya ga Nomau sai ya ba mu labarin Kalmaru, wani birni a kan dutse a hayin Baƙin Teku, inda masu magani ke sa allura su ture hakiya daga ido kamar yadda ake ture labule daga ƙofa. Na tambaye shi ko ya taɓa zuwa, ya ce a'a, ji ya yi a bakin wanda ya ji. Ni na so in bar maganar a nan. Amma da baƙon ya fita, Nomau ya juyo wajen da yake jin numfashina.

"Kai ni, Mantau," in ji shi. "In na faɗi a hanya ka binne ni inda na faɗi. Ya fi mini wannan tabarmar."

Bayan girbi muka ɗaura wa jaki kaya muka bi ayari. Wata huɗu muna tafiya. Mun ƙetare Filin Ƙararrawa, wani shimfiɗaɗɗen baƙin dutse da ke amsa kofato kamar an buga ƙarfe, har ɓarayi kan jiyo ayari tun yana nisan yini guda. Sai da aka naɗe ƙafafun dabbobi da tsummoki, aka hana kowa magana kwana uku. Mun wuce garuruwan da suka sayar mana da ruwa, da waɗanda suka rufe ƙofa tun daga nesa. A hankali ayarin ya watse, kowa ya kama hanyar kasuwarsa, har muka rage mu biyu da jakinmu a gaban wani dogon dutse da ya tare gabas gaba ɗaya. Bayansa teku take.

A gindin dutsen muka sami wani jagora mai suna Gurzo, mutum mai yawan murmushi. Ya ce hanya biyu ce. Ko mu hau ta sama mu yi kwana tara cikin sanyin da ke kashe jaki, ko mu bi ta cikin kogon da suke kira Maƙogwaro, mu fita kafin la'asar. Na dubi ƙafafun Nomau da suka kumbura, na zaɓi kogon. Muka shiga da hantsi, Gurzo a gaba da fitila, wani ɗan'uwansa a baya yana kora jaki. Mun yi nisa ƙwarai, mun karkata hagu mun karkata dama har na daina ƙirgawa, sai Gurzo ya tsaya kamar zai gyara lagwani, ya hure fitilar. Na ji takun jakinmu yana nisa, na ji dariyarsu tana komowa daga kowane ɓangare.

Ban taɓa sanin duhu irin wannan ba. Na yi ihu, na ruga, na buga goshi da dutse na faɗi. Ina kwance ina kuka kamar ƙaramin yaro sai na ji muryar Nomau a natse, muryar da rabona da jinta tun yana da ido.

"Tsaya inda kake. Yanzu kai ne baƙo, nan garinmu ne."

Ya lallubo ni, ya sa na kama gefen rigarsa. Ya yi shiru har na zaci ya suma, ashe saurare yake. Ya ce ruwa yana ɗiga ta dama kuma yana gangarawa gaba. Ya jiƙa fuskarsa da ruwan don ya ji ta inda iska ke zuwa. In muka zo mararraba sai ya tafa hannu sau ɗaya ya saurari yadda ƙarar ta dawo, ya ce wannan rami ne rufaffe, wancan yana da tsawo. Sau biyu ya ɓata, sau biyu ya komo da mu baya. Can ya tsaya ya ce yana jin ƙanshin wani abu kamar gishiri da ruɓaɓɓen kifi. Ba a daɗe ba na hango haske kamar ƙwayar gero, ya yi ta girma har muka fito a kan gangare, teku tana gabanmu ba ta da iyaka. Na so in kwatanta masa ita, na rasa da me zan kwatanta.

Ba mu da komai sai kayan jikinmu. A bakin ruwa na sami jirgin da zai je Kalmaru da kayan hatsi, sarkin jirgin ya yarda ya ɗauke mu in ni zan riƙa kwashe ruwan da ke shigowa ta ƙasa. Kwana arba'in na yi a durƙushe da ƙwarya a hannu. Ruwan ya sauya launi sau uku, kore, sannan baƙi, sannan ja kamar jan ƙarfe. Mun ga kifaye masu fiffike suna tashi su faɗo mana a ƙafa, da wasu tsuntsaye da ke sauka a kan itacen jirgi suna kwaikwayon tarin mutane. Matuƙan ba ma jin yarensu. Amma ranar da suka gane Nomau makaho ne, suka nuna shi, suka nuna gabas, sai suka fashe da dariya. Na zaci mugun hali ne kawai.

Da safiyar kwana na arba'in da ɗaya muka ga Kalmaru. Farin dutse ne miƙaƙƙe kamar bango, tsawonsa ya fi gaba ɗari, birnin yana can bisa, tagoginsa na gilashi suna walƙiya har ido ba ya iya tsayawa a kansu. A ƙasa kuwa babu komai sai ɗan rairayi da wani fili da aka kewaye da shinge. Wasu mutane suka tarye mu, sun rufe hanci da baki da ƙyalle, kowa yana riƙe da doguwar sanda mai baki biyu. Da ita suke tura mutum don kada hannunsu ya taɓa shi. Mu baƙi mun kai talatin daga jirage uku. Aka kora mu cikin shingen, aka tuɓe mu, aka ƙone tufafinmu a gabanmu, har da rigar ƙarshe da Nomau ya ɗinka da idonsa. Aka aske mana kai da gemu, aka watsa mana wani ruwa mai tsami da ke cin fata, aka jefo mana riguna masu launin toka, duka iri ɗaya. Da yawa cikin baƙin jiri na teku bai sake su ba, ana riƙe da su, saboda haka babu wanda ya kula da yadda nake jan Nomau.

Washegari wani mutum ya zo ya tsaya a kan dutse ya yi mana magana da harshen fatake, wanda mu biyu muke ji. Sunansa Bukash, tafinta ne. Ba ɗan ƙasar ba ne, akwai zoben ƙarfe a wuyansa, alamar baƙon da aka bari ya zauna, ko da yake na ji daga baya shekararsa ashirin a wurin. Ya karanta mana doka kamar mai karanta abin da ya gundure shi. Ya ce shekara sittin da suka wuce wani jirgi ya kawo ciwon ido, ciwon ya makantar da mutum ɗaya cikin kowane huɗu a birnin. Tun daga lokacin kowane baƙo sai ya yi kwana goma a shinge, sai Mai Duba ya duba idonsa. Wanda idonsa ke lafiya za a rataya masa tagulla a wuya, ya hau birni ya yi kwana uku ya sauko. Wanda aka sami aibu a idonsa, ko wane iri ne, ba ya hawa kuma ba ya komawa jirgi. Ana kai shi Tsibirin Toka a bar shi can.

Wani ya tambaya me ke Tsibirin Toka. Bukash ya ce bai taɓa haɗuwa da wanda ya dawo ba balle ya tambaye shi.

A ranar na gane dariyar matuƙa. Nomau ya ce in rabu da shi tun yanzu, in yi kamar ban san shi ba, in koma gida. Na ce masa ya yi shiru ya rufe fuska kamar mai zazzaɓi. Daga nan na koma kusa da rumfar Mai Duba, kullum ina zaune ina kallo. Tsoho ne mai ƙiba, yana zaune a bayan wani katako mai taga. Baƙo zai sa fuskarsa a tagar, shi kuma ya ɗaga wani gilashi ya leƙa ido na dama, ya leƙa na hagu, ya ɗaga yatsa, a rataya tagulla, a mai da mutum cikin shinge ya jira ranar hawa. Kwana uku ina kallo ban ga ya dubi fuskar kowa ba. Ba a tambayar suna. Mu dai a wurinsu kawunan aski ne cikin rigunan toka, kamar tumaki a garke.

A kwana na takwas na shiga layi, aka duba ni, aka ba ni tagulla. Na dawo na rataya wa Nomau ita a ƙarƙashin riga. A kwana na tara na shafa toka a muƙamuƙi, na sauke kafaɗa ɗaya, na sake shiga layi ina ɗingishi. Na sa fuskata a tagar. Tsohon ya leƙa dama, ya leƙa hagu, ya yi hamma, ya ɗaga yatsa. Ina juyowa sai idona ya faɗa cikin na Bukash, yana tsaye a gefen rumfar yana kallona.

Da azahar ya zo inda muke, ya tsaya nesa kaɗan kamar yana duba shinge. Ya ce ya ga idona jiya, ya kuma gan shi yau. Na fara roƙonsa, ya ce ba zai tona ba, ina shirin godiya ya katse ni.

"Kada ka gode mini. In aka gane an ruɗi Mai Duba, ni za a fara duka. Ku hau, ku sauko, ku ɓace mini."

Na tambaye shi gidan masu maganin ido. Ya yi tsaki ya ce Babban Gida ba ya taɓa baƙo ko da ɗan sarki ne, mun yi tafiyar banza. Har ya juya zai tafi, sai ya ce akwai wata tsohuwa mai suna Irsala a unguwar majema, wadda aka kora daga Babban Gida saboda ta yi wa wani matuƙi aiki. Ya ce ba ta da cikakken hankali, kuma shi bai faɗa mana komai ba.

Ranar hawa aka ɗora wa kowannenmu buhun hatsi a ka, domin baƙo ba ya hawa hannu sake. Doka ta ce baƙo ba ya ɗaga kai ya dubi ɗan birni, wannan kuwa ya yi mana daidai. Na riƙa jan ƙafar hagu a ƙasa, Nomau yana bin ƙarar. Aka zuba mu cikin wani ƙaton kwando, shanu a can sama suka juya wata babbar ƙafa ta katako, igiya ta ja mu. Kwandon yana lilo yana gogar dutse, jiragen da ke ƙasa suka koma kamar ɓawon gyaɗa. Nomau ya raɗa mini cewa ya gode Allah da ba ya gani.

Birnin yana da kyau, ba zan yi masa ƙarya ba. Titunansa wankakku ne, gidajensa farare, itatuwan lemo a kowace ƙofa, ruwa yana fitowa daga bakunan duwatsu da aka sassaƙa. Amma a tsakiyar kowane titi akwai wata kwata da aka shafa wa rawaya, a cikinta baƙo yake tafiya. In muka doso, mata sukan juya fuskokin 'ya'yansu wajen bango. Masu shaguna sukan yayyafa ruwan tsami a inda inuwarmu ta taɓa. Ƙishirwa ta dame mu, na tsaya gaban wani mai ɗiban ruwa na nuna maƙogwarona. Ya dube ni, ya cika tulu, ya zo bakin kwatar ya tsiyaye shi a ƙasa gaban ƙafafunmu. Muka durƙusa muka tara hannu. Nomau ya tambaye ni yaya mutanen suke, na ce masa masu tsabta ne. Ya ce ya ji hakan a muryarsu.

Duk da gargaɗin Bukash, a rana ta farko na bar Nomau a rumfar baƙi na tafi Babban Gida ni kaɗai. Ta tsakanin ƙarafan ƙofa na hango mutane zaune a inuwa, idanunsu a ɗaure da farin ƙyalle, ana ba su abinci a baki. Wani dattijo aka kwance masa nasa ina kallo, ya ɗaga hannunsa yana juya shi yana dariya. Na kama ƙarfen ƙofar ban sani ba. Mai gadi ya sauke mini sanda a yatsu, ya saki karnuka biyu, sai da suka raka ni har ƙarshen titi.

A rana ta biyu muka nemi unguwar majema. Ba ta da wuyar samu, wari ne ya kai mu. Gidan Irsala yana ƙarshen lungu, jikin ganuwa. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, busasshiya, hannayenta sun rine da ruwan jima. Tana jin harshen fatake kaɗan. Ban gama bayani ba ta rufe ƙofa. Muka zauna a kwata har rana ta take. Can ta leƙo ta taga don ta ga ko mun tafi, Nomau ya ji ƙarar tagar, sai ya miƙe, ya ɗaga kai, ya buɗe fararen idanunsa sosai a tsakiyar titi. Kafin in ja shi ƙasa ƙofar ta buɗe, ta fizgo mu ciki tana zagi da yarensu.

A tsakar gida ta juya fuskarsa wajen rana, ta ɗaga fatar idon, ta daɗe tana kallo. Ta ce na hagu ya mutu, babu mai tashe shi. Na dama hakiyarsa ta nuna, ana iya ture ta. Amma bayan aiki sai ya kwanta kwana bakwai a rigingine, ba tari, ba sunkuyo, ba girgiza kai, in ba haka ba hakiyar ta komo ko idon ya tsiyaye. Na ce mata kwana ɗaya ya rage mana a birnin. Ta ce ta sani, wannan damuwarmu ce. Nomau ya fara yi mata addu'a, ta ce ya rufe bakinsa.

"Ba don ku zan yi ba," in ji ta. "Shekara shida ban taɓa ido ba. Hannuna ya fara mantawa."

Da hantsin rana ta uku ta yi aikin. Ta zaunar da shi a ƙasa, ta sa na zauna a bayansa na manne kansa a ƙirjina da hannu biyu. Ta dafa wata siririyar allura mai faɗin baki, ta ɗiga masa wani ruwa mai ɗaci, ta jira. Na ga yatsunta suna rawa, ta dube su ta yi musu magana kamar mai tsawata wa dabba, suka tsaya. Da allurar ta shiga ta gefen ido, Nomau bai yi ƙara ba, amma ya damƙi ƙafafuna har farcensa ya shiga nama. Ni na rufe nawa idon. Da na buɗe, farin nan ya sauka, tsakiyar idon ta koma baƙa. Ta kaɗa hannu a gabansa ta tambaye shi. Ya ce akwai haske, kuma wani abu yana motsi a cikinsa. Nan take ta rufe da auduga ta ɗaure.

Wa'adinmu ya cika muna ɓoye a ɗakin da take ajiye fatu. Ni nake kankare mata fata, nake jan ruwa a rijiyar tsakar gida, nake ba Nomau kunu da cokali don kada ya tauna. Ta ware mana ƙwaryarmu daban, ba ta taɓa ci kusa da mu ba. Kullum da safe takan zo ta shinshina ƙyallen, ta taɓa goshinsa, ta fita.

A kwana na biyar bayan aikin, rana ta ɗaga kenan, aka buge ƙofa ta faɗo ciki. An ƙirga tagulla a bakin teku an ga biyu ba su dawo ba, wata maƙwabciya kuma ta ga ana shanya rigar toka a bayan katanga. Dakaru shida suka shigo, da shugabansu, da Bukash a bayansu yana kallon ƙasa. Lungun ya cika da mutane. Biyu suka nufi inda Nomau yake kwance za su ɗaga shi da sanduna. Ban yi tunani ba, na faɗa kansa, na dafa gwiwa da hannu a ƙasa, na rufe kansa da jikina ba tare da na taɓa shi ba. Suka sauke mini sanduna a baya, a haƙarƙari, a ƙeya. Da na ƙi tashi wani ya zagayo ya buge ni a fuska, na ji haƙora sun zube mini a baki, gira ta tsage, jini ya rufe mini ido ɗaya. Abin da nake faɗi kawai shi ne, Yaya kada ka motsa. Bai motsa ba. Ina jin numfashinsa a wuyana, yana karanta abin da ya sawwaƙa a hankali.

Shugaban dakarun ya nuna ƙyallen da ke fuskar Nomau ya ba da umarni a kwance. Sai Irsala ta yi magana da ƙarfi, ba da shi kaɗai ba, da duk mutanen da ke ƙofa. Daga baya Bukash ya fassara mini a kan hanyar kwando. Ce musu ta yi, in aka kwance ƙyallen aka ga abin da ke ƙarƙashinsa, dole a rubuta cewa baƙo mai ciwon ido ya kwana takwas a cikin birni. Doka kuwa ta ce unguwar da hakan ta faru a rufe ta shekara guda, a ƙone kayan kowane gida, Mai Duba da masu tsaron shinge su amsa tambaya. In kuwa ba a kwance ba, baƙi biyu ne suka wuce wa'adi, ɗaya ya ji ciwo a ka.

 Maƙwabciyar da ta kai ƙara ita ta fara cewa a bar ƙyallen, sauran suka ɗauka. Shugaban ya daɗe yana kallon Irsala, sannan ya sauke hannunsa. Ya sa aka tattake alluranta da kwalabenta, aka ɗaure mata hannu saboda ta ɓoye baƙi. Da za a wuce da ita ta gabana ta tsaya, ba ta dube ni ba, ta ce da harshen fatake, jibi da safe ka kwance masa, a inuwa, ya ba rana baya. Wannan ce maganarta ta ƙarshe da na ji. Na tambayi Bukash me za a yi mata, ya ce in ji da kaina.

Ban yarda Nomau ya taka ba. Na roƙi wata busasshiyar fatar saniya, na kwantar da shi a kai, na cusa tsumma a gefen kansa biyu, na ja shi a cikin kwatar rawaya tun daga unguwar majema har bakin kwando, a hankali, ina tsayawa a kowane dutse. Mutane suka jeru suna kallo, wasu suna tofar da yawu. A ƙasa aka tura mu cikin wani jirgin fatu da zai tashi a ranar, aka karɓe tagullarsu, aka wanke ta da ruwan tsami a gabanmu.

Kwana biyu na zauna a cikin jirgin na sa kansa tsakanin cinyoyina, duk lokacin da igiyar ruwa ta ɗaga mu sai in riƙe shi. Fuskata ta kumbura, ba na iya tauna komai, zazzaɓi yana zuwa yana tafiya. Nomau ya tambaye ni sau da yawa ko sun ji mini ciwo sosai, na ce a'a, a baya ne kawai.

Da safiyar kwana na bakwai na zaunar da shi a inuwar tulin fatu, ya ba rana baya. Na jiƙa ƙyallen don kada ya manne, na warware shi zagaye bayan zagaye, na cire audugar. Ya daɗe bai buɗe ba. Da ya buɗe, hawaye ya zubo, ya rufe, ya sake buɗewa. Ya dubi katakon jirgi. Ya ɗaga hannunsa ya dube shi gaba da baya. Sannan ya juyo gare ni, ya ja baya kaɗan kamar wanda ya ga baƙo.

"Wane ne wannan?"

 Sai ya rufe idon, ya miƙo hannu biyu ya shafa goshina, ya shafa kunnuwana, ya bi ta kan kumburin a hankali har haɓa. Ya buɗe ido.

"Kai ne. Ka ce mini a baya ne kawai."

Ya matso da fuskarsa dab da tawa, ya dubi tsagar girar, ya ce ta fara ruwa, in aka bar ta za ta ci ido. Ya sa na nuna masa inda guga yake, ya tashi da kansa yana dafa fatu, ya ɗebo ruwan teku, ya yage gefen rigarsa ta toka. Na ce masa tsohuwar ta hana shi sunkuyo. Ya ce kwana bakwai ta ce, kuma sun cika. Ya kama haɓata da hannun hagu, ya ce in zauna kada in motsa, ya fara wanke mini ciwon.

Jirgin bai nufi ƙasarmu ba, sai da muka yi shekara guda da watanni muna zagaye kafin mu ga duwatsun Zanwa. Nomau ya rayu shekara goma sha tara bayan haka da ido ɗaya, yana ganin nesa dishi-dishi, yana ganin kusa in ya matso. Duk fataken da suka zo daga gabas nakan tambaye su labarin wata tsohuwa a unguwar majema ta Kalmaru, har yau ban sami wanda ya san ta ba.

Iyakar abin da idona ya gani kenan, abin da ya ɓuya mini kuwa yana wurin Masanin komai.